Muhawara: Daga Azare zuwa shugabancin sojan sama, me Sadique ya bari a rundunar?

Malam_Wunti:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya, amma don Allah kafin a amsa a ajiye hular jam'iyya a gefe. A garin nan da zarar an ambaci Eya Mashal Sadique Baba Abubakar sai zance ya koma zaɓen gwamnan Bauchi na 2023 da ya tsaya takara, wa ya yi shi, wa bai yi shi ba. Shekara 41 da ya yi sanye da kaki kuwa babu mai tayar da maganarsu. Ni su nake so mu tattauna. Mutumin nan ya shiga sojan sama a 1979, ya riƙe rundunar baki ɗaya daga Yulin 2015 zuwa Janairun 2021, lokacin da yaƙin arewa maso gabas ke kan ganiyarsa. Abin da nake gani shi ne rundunar da ya bari ta fi wadda ya tarar nesa ba kusa ba. To gaskiya ne, ko son ɗan gida ne ya rufe mini ido? Akwai tsofaffin sojoji a zauren nan, akwai kuma waɗanda yaƙin ya taɓa. Ku nake son ji.

Ɗan_Katagum:
Wa alaikumus salam Malam. Ba son ɗan gida ba ne. An haife shi a Azare ranar 8 ga Afrilu 1960, firamare da sakandare duk a cikin garin Bauchi ya yi su, sakandarensa ma ta gwamnati ce. Wannan kaɗai abu ne da za mu nuna wa yaranmu.

Abu_Hanif:
Inda aka haife shi ba shi ne tambayar ba. Malam cewa ya yi aiki. A kawo aiki.

Tsohon_Kurtu:
Salamu alaikum. Ni kurtu na shiga, ba hafsa ba, kuma a ɓangaren gyaran jirgi na yi aikina har na yi ritaya. Abin da zan faɗa daga ƙasa na gan shi, ba daga ofis ba.

Da farko mutane su san irin matakalar da ake hawa, don wasu na ɗauka wayar gari ake yi a naɗa mutum. Ya shiga a matsayin kadet a ƙarshen 1979, sai a watan Mayun 1982 aka ba shi muƙamin farko na hafsa, wanda muke kira Failot Ofisa. Daga nan akwai Filayin Ofisa, Filait Laftanar, Sikwadiron Lida, Win Kwamanda, Guruf Kyaftin, Eya Kwamado, Eya Bayis Mashal, sannan Eya Mashal. Ƙananan muƙaman da jarrabawa ake wuce su. In ka kai tsakiya dole ka je kwalejin hafsoshi ta Jaji, in za ka shiga sahun manya kuma sai kwas ɗin kwalejin tsaro ko makamancinsa. Matuƙi kuwa yana da ƙarin kaya a kansa. Likita na duba shi lokaci-lokaci, ranar da ido ko zuciya ta gaza an sauke shi daga jirgi ke nan, komai ƙwarewarsa. Cikin 'yan kwas ɗaya wasu hatsari ke ɗauke su, wasu a sallame su suna Guruf Kyaftin, kaɗan ne ke ganin tauraro biyu.

Amma kujerar ƙarshe ba jarrabawa ke ba da ita ba. Shugaban ƙasa ne ke zaɓa daga cikin masu tauraro biyu, kuma al'adar soja ita ce waɗanda ke gaba da wanda aka zaɓa su ajiye aiki. Saboda haka har zuwa Eya Bayis Mashal ina iya ce muku guminsa ne. Matakin ƙarshe kuwa gumi da rabo da yardar Buhari ne suka haɗu.

Abu na biyu, shi matuƙin jirgi mai saukar ungulu ne. A bariki masu tuƙa jiragen yaƙi masu gudu su ne 'yan gaban goshi. Amma yaƙin Borno da Yobe jirgin helikwafta yake so. Shi ke kai harsashi da abinci inda hanya ta rufe, shi ke kwaso waɗanda suka ji rauni, shi ke yin ƙasa-ƙasa ya kare sojan da aka yi wa kwanton ɓauna. A ganina samun wanda ya san wannan jirgin a kan kujerar a 2015 ya dace da lokacin.

Malam_Wunti:
Allah ya saka da alheri Baba. Irin wannan bayanin nake nema.

Ummu_Sultan:
Baba na ji bayaninka, kuma ina girmama shi. Amma ni ba zan iya jin sunan sojan sama na wancan lokacin ba ban tuna da Rann ba. Ranar 17 ga Janairu 2017 jirgin yaƙinmu ya jefa bama-bamai a sansanin 'yan gudun hijira a Rann, ƙaramar hukumar Kala-Balge. Mutanen da suka tsere wa Boko Haram, suna jiran rabon abinci. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce kimanin mutum 90 ne suka mutu, mutanen yankin suka ce adadin ya zarce haka sosai. Har ma'aikatan Red Cross shida suna ciki. Akasarin waɗanda suka mutu mata ne da yara. Mu a nan Gombe mun zauna da matan da suka gudo daga Borno, mun san yadda suke ƙirga 'ya'yansu da suka rage. In za a lissafa aikin mutum a lissafa da wannan, don a ƙarƙashinsa aka yi.

Abu_Hanif:
Ga kuma Tudun Biri, masu mauludi.

Jekadafari:
A'a Abu Hanif, kada a haɗa. Tudun Biri a Disambar 2023 aka yi, kusan shekara uku bayan ya bar aiki, kuma jirgi marar matuƙi ne na rundunar sojan ƙasa, su da kansu suka amsa. Sojan sama ma sun fito sun ce ba su ba ne. Maganar Hajiya ta Rann ita ce ke kan hanya.

Tsohon_Kurtu:
Hajiya, babu sojan da zai kare abin da ya faru a Rann, kuma ni ba zan kare shi ba. Abin da zan ƙara kawai shi ne yadda aikin ke gudana. Matuƙi ba shi ke zaɓar wurin da zai kai hari ba. Ana ba shi lambobin wurin ne daga cibiyar da ke haɗa bayanan sirri da na sojan ƙasa. Kwamitin da hedikwatar tsaro ta kafa ya ce ba a yi wa sansanin alama a taswirar da ake aiki da ita ba, aka ga taron mutane aka ɗauka 'yan ta'adda ne. Wannan bai wanke kowa ba. Nunawa yake yi ɓarakar ta fi ƙarfin mutum ɗaya.

Ummu_Sultan:
To ai shi ya sa ake da shugaba, Baba. In an yi nasara sunansa ake kira. Ni abin da ke damuna shi ne ba a bai wa jama'a cikakken rahoton ba, taƙaitaccen bayani kawai muka ji. Wanda aka kashe wa 'ya'ya yana da haƙƙin ya san wa ya yi sakaci.

Ɗan_Misau:
Wannan maganar ta Hajiya babu abin cirewa a cikinta.

Injiniya_Pantami:
Ina tare da Hajiya kan batun rahoto. Bari kuma in amsa Abu Hanif da ya ce a kawo aiki, don ni na daɗe ina bibiyar harkar jiragen nan.

A 2015 ƙashin bayan rundunar shi ne Alpha Jet, jirgin da aka sayo tun farkon shekarun 1980, wanda asalinsa ma na koyar da matuƙa ne, sai F-7 na China da tsofaffin helikwaftocin Rasha. Abin da aka shigo da shi a zamanin Sadique: Super Mushshak guda 10 daga Pakistan don koyar da sababbin matuƙa a Kaduna, helikwaftocin yaƙi Mi-35M daga Rasha, da Agusta 109 daga Italiya a 2019. JF-17 guda uku na Pakistan da Super Tucano guda 12 a lokacinsa aka ƙulla cinikinsu, amma bayan ya sauka aka karɓe su. JF-17 a Mayun 2021 aka ƙaddamar da su, rukunin farko na Tucano guda shida ya sauka a Yulin 2021, aka kai su Kainji.

Labarin Tucano ma yana da alaƙa da maganar Hajiya. Gwamnatin Obama ta daɗe tana jan ƙafa kan sayar mana da shi saboda batun take haƙƙin ɗan Adam, kuma abin da ya faru a Rann ya ƙara tsayar da cinikin. Sai da Trump ya hau aka amince. A 2018 Buhari ya sa aka fitar da dala miliyan 496 daga asusun rarar kuɗin mai aka biya kafin majalisa ta amince, har aka yi ta ce-ce-ku-ce a Abuja.

Wani zai ce me ya sa ake murna da jirgi mai farfela alhali wasu ƙasashe na sayen masu gudun da ya fi sauti. Dalilin shi ne abokin gabarmu ba shi da jirgi. Yana kan babur ne a ƙarƙashin bishiya. Jirgi mai tsananin gudu yana zuwa ya wuce, mansa ya ƙare da wuri. Tucano kuwa yana iya daɗewa yana shawagi a kan wuri ɗaya, yana gani da dare, kuma kuɗin tashinsa na awa ɗaya bai kai na manyan jiragen ba.

Abu_Hanif:
Injiniya, duk wannan kuɗin gwamnati ne. Duk wanda aka ba kujerar aka ba shi kuɗi ai zai saya.

Injiniya_Pantami:
Kuɗin gwamnati ne, babu musu. Amma kafin 2015 ma an fitar da kuɗin makamai, kuma kowa ya ga shari'o'in da suka biyo baya. Fitar da kuɗi daban, jirgi ya sauka a filin daban.

Tsohon_Kurtu:
Injiniya ya yi maganar saye, ni zan yi ta gyara, don nan ne fagena. Jirgin da ke ajiye babu kayan gyara ba jirgi ba ne, adadi ne a takarda. Kowane jirgi yana da awannin da in ya cika dole a sauke shi a kwance shi a duba komai. A da irin wannan babban duba sai an kai waje, jirgi ya tafi a yi ta jira. A zamanin Sadique an matsa a riƙa yin wasu a nan gida, a kawo masanan waje su yi tare da yaranmu, kamar yadda aka yi wa jirgin dakon kaya C-130 a Legas. Mu da muka riƙe sifana mun san darajar wannan. Yaro ya kwance inji da hannunsa sau ɗaya ya fi ya karanta shi sau goma.

Haka kuma cibiyar fasaha ta sojan sama da ke Kaduna, AFIT, a 2018 ta samu matsayin jami'a, yanzu har 'ya'yan farar hula na shiga. A watan Fabrairun shekarar ne Buhari ya ƙaddamar da Tsaigumi, jirgin leƙen asiri marar matuƙi da injiniyoyin rundunar suka haɗa.

Abu_Hanif:
To ina Tsaigumin yake yanzu, Baba? Guda nawa aka ƙera bayan bikin? Ni abin da nake so a bambance shi ne abin da aka ƙaddamar da abin da ya ɗore.

Jekadafari:
Wannan tambayar mai kyau ce, kuma ba Sadique kaɗai za a yi wa ita ba. Bayansa an yi Amao daga 2021, an yi Hasan Bala Abubakar daga 2023 zuwa 2025. Ɗorewar abu ai na hannun wanda ya gada.

Gwallameji_Boy:
Ni dai abin da idona ya gani shi ne barikin da ke kusa da filin jirgin sama a hanyar Ningi. Da can daji ne. Yanzu ga gidaje, ga asibiti, kuma asibitin ba sojoji kaɗai yake karɓa ba. Mahaifiyata a can aka duba ta. Masu kai kayan miya, masu acaba, magina, duk sun samu abin yi.

Ɗan_Dukku:
Yauwa, an zo wurin. Ku mutanen Bauchi ku faɗi gaskiya, da ba ɗanku ba ne a kujerar, da an kawo hedikwatar rundunar ayyuka na musamman Bauchi? Kowane babban hafsa sai ya ja wani abu zuwa garinsu. Buratai ya kai jami'ar sojan ƙasa Biu. Wannan ɗabi'ar ce ni ba na so, ko da kuwa mu ta amfana.

Ɗan_Katagum:
Da son kai ne zalla da Azare zai kai hedikwatar.

Ɗan_Dukku:
Azare ko Bauchi, jiha ɗaya ce.

Injiniya_Pantami:
Ɗan Dukku, buɗe taswira ka duba. Sauran manyan rassan rundunar suna Makurdi, Kaduna, Legas, Yenagoa da Enugu. Arewa maso gabas, inda ake yaƙin, ba ta da ko ɗaya. Bauchi tana tsakanin Borno da Yobe ta gabas, Filato ta kudu, Kano da Kaduna ta yamma. Ga dazukan Lame da Burra da suka haɗe da Falgore, ga dajin Balmo da aka fatattaki 'yan Boko Haram daga cikinsa a 2014. Ga sabon filin jirgi mai dogon titi. Ko baƙo ne a kujerar, Bauchi tana da hujja. Kuma mu ma a Gombe an kafa mana rukunin leƙen asiri na sojan sama a lokacinsa, ba mu fita hannu rabbana ba.

Ɗan_Dukku:
Hujjar taswira na karɓe ta. Amma ina nan kan bakana cewa hujja da son gida suna iya haɗuwa a aiki ɗaya. Ranar da za a kafa irin wannan a garin da babban hafsa ba shi da kowa, ranar zan ce mun gyaru.

Hajiya_Fadaman_Mada:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkatar da zancen. 'Yata tana aji biyar na sakandare, kimiyya take yi, kuma ta kafe sai tuƙin jirgin soja. Babanta yana ganin ba aikin mace ba ne. Baba Tsohon Kurtu, da gaske mata na tuƙa jirgin yaƙi a ƙasar nan? Kuma ta ina ake shiga?

Tsohon_Kurtu:
Da gaske ne Hajiya, kuma a zamanin mutumin da muke magana a kansa aka fara. A watan Oktoban 2019 aka liƙa wa Kafayat Sanni fukafukai a matsayin mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi, rana ɗaya da Tolulope Arotile, mace ta farko mai tuƙa helikwaftan yaƙi. Ita Arotile ta yaƙi 'yan bindiga a fagen daga, ta rasu a Yulin 2020 sakamakon hatsarin mota a barikin Kaduna tana da shekara 24.

Ƙofofin shiga uku ne. Akwai makarantar horar da hafsoshi ta NDA a Kaduna, ta hanyar JAMB, ga wanda ya gama sakandare. Nan ne babbar hanyar matuƙa. Akwai ta masu digiri, likitoci da injiniyoyi da lauyoyi da sauransu, su yi horo na watanni su fito hafsoshi, amma a fanninsu za su yi aiki. Sai ta kurata, wadda na bi. Ta riƙe lissafi da fizis da Turanci da kyau, ta kula da idonta, ta saba da gudu tun yanzu. Ana rabon gurbi jiha-jiha, kuma abin da ke ba ni takaici shi ne yaranmu na faɗuwa tun a takarda ko wurin likita.

Abu ɗaya zan roƙe ki. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi zai sa sunanta, ɓarawo ne. Na san gidan da aka sayar da shanu biyu aka bai wa wani mai cewa yana da hanya, har yau ba yaro a soja ba shanu.

Hajiya_Fadaman_Mada:
Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya. Zan nuna wa babanta wannan.

Malam_Jahun:
Hajiya a kuma gaya wa yarinyar ɗaya gefen, don ta shiga da idonta a buɗe. A Satumbar 2018 jirage biyu sun yi karo a sama a Abuja wajen atisayen bikin 'yancin kai, matuƙi ɗaya ya rasu. A farkon Janairun 2019 helikwafta Mi-35M ya faɗi a Damasak yana taimakon sojan ƙasa, duk mutum biyar da ke ciki suka rasu. Allah ya jiƙan musulmin cikinsu, ya bai wa iyalansu duka haƙuri. In muna lissafa abin da shugaba ya yi, mu tuna da waɗannan yaran, don su ne suka biya da rayukansu.

Ummu_Sultan:
Amin Malam. Don kada a ce gefe ɗaya nake gani, na san sojan sama sun buɗe asibitocin gaggawa a sansanonin 'yan gudun hijira na Dalori da Bama, kuma sun yi wa mutane magani kyauta. Wannan alheri ne. Amma bai goge Rann ba.

Abu_Hanif:
Bari in faɗi ainihin abin da ke raina. Ma'aunin soja shi ne tsaro, ba yawan jirgi ba. A 2015 matsalarmu Boko Haram ce. Zuwa 2021 ga Boko Haram, ga ISWAP, ga 'yan bindiga sun cinye Zamfara da Katsina da Sakkwato, hanyar Abuja zuwa Kaduna ta zama abin tsoro. A 2018 sojan sama suka ƙaddamar da farmakin Diran Mikiya a Zamfara, aka yi ta luguden wuta, 'yan bindiga ba su ƙare ba. A 2019 ma sarakunan Zamfara sun koka cewa hare-haren na faɗa wa mutanen ƙauye, rundunar ta musanta. A Nuwambar 2020 aka yi wa manoman shinkafa na Zabarmari yankan rago. Majalisar dattawa ta sha kiran a sauke hafsoshin tsaro. To ta yaya zan ce an yi nasara?

Jekadafari:
Abu Hanif ka manta yadda muke a 2014 ne? Bam a tashar mota a nan Gombe, an shiga Ashaka, bama-bamai a Azare cikin 'yan makonni, ƙananan hukumomi da dama na Borno da Adamawa da Yobe a hannunsu, Mubi ma sun canza mata suna. A Fabrairun 2015 har cikin Gombe suka shigo. Mu da muka kwana da takalmi a ƙafa mun san an samu sauƙi.

Abu_Hanif:
An fara ƙwato garuruwan nan tun kafin zaɓen 2015, da taimakon Chadi da Nijar. Sadique a Yuli ya hau.

Jekadafari:
Ƙwatowa an fara kafin ya hau, haka ne. Riƙewa fa? Shekara biyar da rabi ba su sake kafa tuta a babban gari sun zauna kamar yadda suka yi a Gwoza ba, kuma babban dalili shi ne ba sa iya tara motoci da yawa su yi tafiya da rana ba a gan su daga sama ba.

Tsohon_Kurtu:
Ku biyun kowa na da gaskiyarsa. Jirgi ba ya riƙe ƙasa. Yana tarwatsa taro, yana buɗe hanya, amma in sojan ƙasa da ɗan sanda da hakimi da malamin makaranta ba su biyo baya sun zauna ba, bayan sati biyu mutanen sun dawo. Saboda haka ɗora wa sojan sama kaɗai alhakin Zamfara zalunci ne, ba su kaɗai yabon Borno ma ba daidai ba ne.

Inda nake tare da Abu Hanif shi ne daɗewar. Ka'idar aiki shekara 35 ce, kuma wa'adin babban hafsa shekara biyu ne da ake iya ƙarawa. Manyan hafsoshin tsaron huɗu, Olonisakin da Buratai da Ibas da shi, sun yi shekara biyar da rabi. Farar hula ba sa ganin illar wannan. Duk shekarar da na sama ya ƙara, akwai hafsoshi a ƙasansa da lokacinsu ke cika su tafi gida ba su taɓa samun damar a duba su ba. Kwas-kwas guda sun wuce haka. Wannan na kashe gwiwa a bariki. Ba shi ya ƙara wa kansa ba, shugaban ƙasa ne, amma in ana faɗar tarihin aikinsa dole a faɗi wannan.

Ɗan_Misau:
Kuma suna sauka ranar 26 ga Janairu 2021, ba a yi wata guda ba aka miƙa sunayensu majalisa a matsayin jakadu. Shi aka tura shi Chadi. Mutane da yawa ba su ji daɗin saurin ba.

Injiniya_Pantami:
Saurin ya jawo magana, gaskiya ne. Amma in dai za a tura tsohon hafsa jakadanci, Chadi ce wurin da ya fi dacewa da shi. Hedikwatar rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen tafkin Chadi a N'Djamena take, kuma a Afrilun 2021 aka kashe Idriss Deby, ƙasar ta shiga hannun soja.

Ɗan_Katagum:
Ni takaicina 2023 ne. Tun 1999 Mu'azu, Yuguda, M.A. Abubakar, Ƙaura (Bala Mohammed), gwamnonin duk daga shiyyar Bauchi ta kudu. Katagum rabonta da gwamna tun Tatari Ali. Ga mutum ya zo da gogewa irin wannan, ya samu ƙuri'a sama da dubu 430, amma...

Gwallameji_Boy:
Amma wanda ya ci ya samu sama da dubu 520, kuma kotun ƙoli ta tabbatar. Tuƙa runduna da umarni daban, neman yardar talaka daban.

Admin_Zaure:
Jama'a, mai tambaya ya roƙa tun farko a bar siyasa. Wanda ke son maganar shiyya ya buɗe nasa zaren. A koma kan aikin soja don Allah.

Malam_Wunti:
Na gode Admin. Na karanta komai. Har yanzu ina ganin ta fuskar jirage da horo da gyara rundunar ta ci gaba a hannunsa, kuma bayanin Baba da Injiniya ya ƙarfafa mini wannan. Amma tambayar Abu Hanif ta tsaya mini: in kayan aiki sun ƙaru tsaro bai ƙaru daidai da su ba, da wanne za a auna babban hafsa? Baba, a cikin bariki ku da me kuke auna shugaba?

Tsohon_Kurtu:
Mu na ƙasa ma'auninmu ba ya da nisa, Malam. Ɗakin da iyalinka ke kwana yana yoyo ko ba ya yi. Alawus ɗin fagen daga yana zuwa kan lokaci ko ba ya zuwa. An tura ka kwas saboda ka cancanta ko sai kana da wani. In ka mutu matarka za ta yi shekara nawa tana yawo da fayil. Ta ɓangaren gidaje da kwasa-kwasai na ga canji da idona a shekarun nan, kuma zan faɗa ko a gaban wa. Ta ɓangaren matan mamata kuwa, akwai matar abokin aikina da har ta gaji ta koma ƙauyensu ba ta gama karɓar haƙƙin mijinta ba.

Ummu_Sultan:
To Baba ka ga ma'aunin naku ma bai cika ba. Mu kuma na waje namu shi ne in jirgi ya wuce ta saman ƙauye, mutanen ƙauyen su ji sanyi ko su ruga. Ina so wani da ke da ɗan'uwa a Kala-Balge ko Zurmi ya shigo ya gaya mana wanne suke yi.

Ɗan_Dukku:
Akwai wani malami a makarantarmu ɗan Gamboru ne, iyalinsa na can. Zan turo masa zaren nan da daddare in ya yarda ya yi magana da bakinsa.